Duhun da Masani Ya Gano

Masani ya hura wa tabarau iska, ya goge da gefen riga, sannan ya goge fuskar talabijin da gefen rigar nan dai. Haka yake yi kowace yamma kafin maƙwabta su cika falo. Allah ya yi wa unguwar nan gata da ya ba ta shi. Mutane kallo suke yi, shi kuwa nazari yake. Ko tallan sabulu ne ya gifta, sai ya gano masa ɓoyayyiyar manufa.

Taskarsa kaset ɗaya ce, wadda ya naɗa da hannunsa tun kansa bai san furfura ba: wani tsohon wasan fargaba marar launi. Mace ita kaɗai a gidan sama, an yanke wayar tarho, wani yana hawo matakala a hankali.

Gaskiya inuwar da ke bango ta yi kyau, takun kuma yana sauka a ƙirji kamar zuciyar wani ce aka ara maka. Sai dai wuƙar tana lanƙwashewa, gawar mai gadi kuma tana ƙifta ido. Maƙwabcinsa Tela ya taɓa faɗin haka.

"Kai ɗinki ka sani," in ji Masani. "Ƙiftawar nan ishara ce. Mutuwa ba ta gama da mu ba, mu ma ba mu gama da ita ba."

Amma ƙarshen wasan shi ne rawaninsa. Hannun ƙofa ya juya, matar ta buɗe baki, sai duhu ɗif. Ba fuska, ba ihu, ba kiɗa.

"Nan hikimar take," yakan ce, yatsa a sama. "Ƙaramin mai shiri zai nuna maka wanda ya shigo. Babba kuwa duhu zai ba ka, ka zuba tsoronka a ciki. Ni kaɗai na gane wannan."

Da duhun nan ya ci sunan Masani, a kansa kuma ake bar masa kujerar tsakiya.

Ranar nan surukinsa, mijin 'yarsa, ya zo da fara'ar mai neman shiga.

"Baba, na samo maka wasanka a waya, tas, babu yayyafi a hoton."

Aka haɗa da talabijin. Masani ya gyara zama, ya ɗaga yatsa tun kafin lokaci. Hannun ƙofa ya juya. Matar ta buɗe baki.

Ƙofa ta buɗe.

Wani ɗan sanda mai tumbi ya shigo yana haki, yana ƙorafin matakala. Ya zauna ya bayyana komai dalla-dalla, har da wanda ba a tambaye shi ba. Matar ta waiwaya ta tabbatar akwai kujera a bayanta, sannan ta suma. Kiɗa ya tashi.

Yatsan Masani yana nan a sama, ya rasa hanyar saukowa.

"Ai tun ranar da ka naɗa na gaya maka, Malam," matarsa ta ce daga bakin ƙofa, "kaset ɗin ce ta ƙare. Ka ce ban san fasaha ba."

Tela ya yi tari mai ladabi. "To ranka ya daɗe, shi tumbin ishara ce ta me?"

Masani ya miƙe, ya danna maɓalli. Allo ya yi baƙi. Ya dube shi da ƙaunar da ake duban tsohon aboki.

"Kun gani?" ya ce. "Ko su da suka yi wasan ba su gane shi ba."

Ya gyara riga ya fita, ya bar musu duhun su yi nazari.