Infoma Mai Shelar Sunansa

"Lahiya lau, uwargijiyata. An zo duba bayi?"

"An zo a gani ko kana da sauran rai, bawana."

Husainatu ta faɗa tana dariya, amma dariyar iyakarta leɓe. Dillaliyar albasa ce a Wurno, Bashar kuwa ɗan gwaggonta ne, taubashinta. Jiya a kasuwar Gandi ta ji abin da ya hana ta cin tuwo: wai doguwar eriyar da Bashar ya kafa a kan ɗakinsa da mutanen daji take magana, har 'yan sa-kai sun fara tambayar gidansa. A ƙasar nan kuwa wanda aka kira infoma ba lallai ya kai gaban alƙali ba. Tsoro take ji, kuma Allah ya sani, ita ma tana ɗan zarginsa. Ta nuna wani akwati da aka jona da eriyar.

"Wanga akwati mai kukan gyare, da wa shika magana?"

"Da manyan mutane. Ke albasa kis sani."

"Manyan gari ko manyan daji? Ruwa ba shi tsami banza."

Murmushin Bashar ya ɗauke. Ya miƙo mata waya, ga taswira, ga ɗigo a kan Wurno da 'yan haruffa a gefensa.

"Rediyon 'yan sha'awa na, da lasisina na hukuma. Wagga ita ta lambar kirana. Duk saƙon da akwatin ga yat tura, dole lambar ta bi shi. Doka ta hana ɓoye suna, ta hana zaurance. Ɗigon ga ko ni na, inda nike zaune."

"Wa ka ganin ɗigon?"

"Kowa. Har Bature can ƙasarsu."

"Yau ga wawa! Mutane na ɓoye akuya cikin ɗaki, kai kana shelar inda kaka kwana!"

"Mai kaza a aljihu shi na ba shi jimirin as. Ni aljihuna wayam."

"Wayam kamar kanka. To in wani yas sa lambar taka ga nashi akwati, yat tura saƙo daga daji hwa?"

Bashar ya sosa ƙeya.

"Shina iyawa. Lambar ba ta da kwaɗo."

A nan zargin ya fita daga ran Husainatu, don da maƙaryaci ne da ya rantse ba ya yiwuwa. Tsoron kuwa sai ya ninku.

"Sa takalminka. Ɗauko lasisin da wayar, mu tahi wurin shugaban 'yan sa-kai tun ba su zo da kansu ba."

"Mi za ki ce musu?"

"Gaskiya mana. In ce tun muna yara, in kas saci ƙuli-ƙuli kai ka hwara kuka kahin a tambaya. Infoma sai mai wayo. Bawana ko, kazar gidanmu ta hi shi."

Bashar ya fashe da dariya, ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa, kuma ba duka na dariyar ba ne.

"Na yarda, ni wawa na. Don Allah ki hwaɗe ta da ƙarhi, kowa shi ji."

Ta zaro ƙatuwar albasa daga jakarta ta cilla masa.

"Ungo, riƙe. In an tambayi hawayen, ka ce ita ta."