Ranar da Na Koya wa Yaya Luba Numfashi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Argungu ba, ranar da na isa gida da jaka cike da takardu don in koya wa yayata yadda ake hutawa.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin lafiya a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji. Da aka raba mana batutuwan kundin kammala karatu, nawa ya faɗo a kan hanyoyin rage gajiya da damuwa ga masu jinyar 'yan'uwansu a gida. Murna kamar me, don a ganina ni gwani ne a nan. Ai mahaifinmu ya shekara biyu kwance da shanyewar ɓarin jiki. (Abin da ban faɗa wa malamina ba shi ne, rabona a jinyar bai wuce in leƙa ɗaki in ce "Sannu Baba, ya jiki?" in juya ba.) Mai jinya ta gaskiya ita ce babbar yayarmu, Yaya Luba. Innarmu ta daɗe da rasuwa, don haka ita ta rufe keken ɗinkinta ta dawo gida. Wanka, wanki, abinci, magani, duk ita.

Ranar farko a laburaren makaranta na zauna gaban kwamfuta na rubuta kalmar "damuwa" da Turanci a rumbun mujallun bincike. Abin da ya fito ya fi ƙarfin ƙirge. Na buɗe ta farko ina gyaɗa kai kamar farfesa, sai da na kai shafi na biyu na gane ashe damuwar shinkafa ake nufi idan ruwa ya yi mata ƙaranci.

Wata ma'aikaciyar laburaren, Malama Rabi, ta ga yadda nake zufa. Ta jawo kujera ta zauna.

"Kwamfuta ba ta san abin da ke ranka ba, sai ka faɗa mata," in ji ta.

Ta nuna mini yadda ake haɗa kalma da kalma, yadda ake zaɓar shekaru, da yadda ake tace abin da masana suka tantance daga surutun intanet. Cikin mako biyu na tara maƙala talatin da wani abu, na buga su duka. Kaina ya kumbura. A gida dama "Likita" suke ce mini don tsokana, to yanzu har na fara amsawa da gaske.

Na isa Argungu da hantsi, na tarar da tsakar gida cike. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo dubiya daga Gulma, ga kuma maƙwabta mata uku a kan tabarma. Yaya Luba na tsugune tana wanke zanen gado. Mai hankali da ya cire riga ya kama mata. Ni kuwa sai na ga ai ga ɗalibai Allah ya tara mini.

"Yaya, bar wankin nan ki zo. Na kawo miki maganin gajiya."

Ta share hannu a zani, ta zo ta zauna ta jingina da bango. Na baje takarduna, na gyara murya, na fara bayani a kan yadda damuwa ke taɓa zuciya da barci. Na ce dole mai jinya ta riƙa ware wa kanta lokaci, ta motsa jiki, ta ci 'ya'yan itace.

"Wane lokaci?" Yaya ta tambaya a hankali.

Na yi kamar ban ji ba, na wuce zuwa babban darasi. "Rufe idonki. Ja numfashi, ki ƙirga huɗu. Riƙe. Yanzu sake shi."

Ta yi sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku kanta ya langaɓe, barci ya kwashe ta a zaune. Na waiga na dubi matan nan ina murmushi.

"Kun gani? Kimiyya ke nan."

Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Kimiyya mi? Ɗiyar ga kwananta uku ba ta runtsa ba, ubanka shina tari."

Sai muka ji ƙarar cokali a jikin ƙarfen gado. Haka Baba ke kira. Gwaggo ta miƙa hannu za ta taɓa Yaya, na hana ta.

"A bar ta ta huta. Ni zan je."

Na shiga, Baba ya nuna mini kujerarsa ta bakin ƙofa da hannunsa mai lafiya. So yake a zaunar da shi ya sha kunu, ga kofin nan a kan ɗan teburi. Na sha ganin Yaya tana ɗaga shi cikin ƙiftawar ido, ita da ko kafaɗata ba ta kai ba. Na naɗe hannun riga, na kama shi ta ɓarin da ba ya aiki (har yau in na tuna sai na runtse ido), na ja da ƙarfi. Ƙafarsa ta lanƙwashe, nauyinsa gaba ɗaya ya dawo kaina, muka tafi ƙasa. Allah ya taimake ni, ni ne a ƙasa, shi a kan ƙirjina. Ƙafata ta daki teburi, kunun ya juye mini a fuska. Sannan na ji wandona ya ce "fyaat" tun daga baya.

Ni da na hana a tashe ta, ni na buɗe baki da iyakar ƙarfina: "Yaya! Yaya Luba!"

Ta shigo a guje, matan na bin ta. Ta durƙusa, ta tokare gwiwarsa da tata, ta ce "Bismillah, Baba," sai ga shi a kujera. Ta duba kansa da hannuwansa, ko ƙwarzane babu. Ni kuwa ina kwance, kunu har cikin kunne, ina haki, hannuna ɗaya a bayan wando.

Gwaggo ta leƙo ta kan kafaɗar maƙwabciya. "Likita, ja numfashi. Ƙirga huɗu."

Ɗakin ya kaure da dariya. Har Baba kafaɗarsa ke rawa, abin da aka daɗe ba a gani ba. Da ya lafa sai ya yafito ni, ya kama wuyan hannuna. Maganarsa ba ta fita sosai, amma na ji ta sarai.

"Yau... na ji hannunka."

Dariyar ta tsaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Shekara biyu ban taɓa taɓa jikin mahaifina ba sai yau, yau ɗin ma kayar da shi na yi.

Abin da nake gode wa Yaya Luba a kai har gobe shi ne ba ta gasa mini magana ba, alhali tana da damar yi. Ta ba ni zanin Baba na ɗaura, ta ɗinke mini wandon da allura, sannan da la'asar ta ce, "Zo in nuna maka. Ta ɓarin mai lafiya ake zuwa masa. Kuma ka riƙa faɗa masa abin da za ka yi, ba buhun shinkafa ba ne." Sau biyar muna gwadawa kafin in iya.

Ranar Litinin na koma laburare na ba Malama Rabi labari. Ta yi dariya har da share ido, sannan ta tambaye ni, "Ka karanta takardun nan har ƙarshe kuwa?"

Gaskiya 'yan taƙaitawar da ke farkon shafi kawai na bi, sai waɗanda ke da hoto. Da na zauna na karanta su da gaske, abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: babban sauƙin mai jinya shi ne a samu wanda zai karɓe ta, ta tafi ta huta. Yana nan baro-baro cikin takardun da na ɗauka har Argungu. Idona ne ya tsallake shi, saboda shi kaɗai ne maganin da ke buƙatar in cire riga.

Tun daga nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake shiga mota. Asabar da Lahadi nawa ne, Yaya ta shige ɗakinta ta yi barci, ko ta tafi Gulma wurin Gwaggo. Haka muka yi har Baba ya koma ga Allah bayan shekara guda, kuma watannin nan su ne abin da na fi gode wa Allah a kai cikin karatuna gaba ɗaya.

Kundin dai ya samu maki mai kyau. Amma yanzu idan na ga wanda jinya ta gajiyar, ba na ce masa ya ja numfashi. Tambayarsa nake yi ina bokitin wanki yake.