Ragona da Ciyawar Filin Ƙwallo

Ni nake ba da tarihin kulob ɗinmu a teburin mai shayi a Dutsin-Ma, kuma a jere nake bayarwa: kafuwa, kofuna, sannan 'yan wasa. Ba mai katse ni. Sai ga Sabi'u, ƙanin matata, ya zo daga Kurfi da labarin wai ya shiga sabon filin kulob ɗin da ƙafarsa. Nan take kowa ya juya wajensa. Har Alhaji Lawal, da bai taɓa saya mini ko ruwan bunu ba, ya sa aka soya wa Sabi'u ƙwai.

Abin ya tsaya mini a rai. Na gyara hula na ce, "Kai yaro, filin nan na riga ka shiga. Na farko, na ga ɗakin kofuna. Na biyu, na ga fitilu. Na uku, ciyawar ta yi kore shar, har na roƙi mai gadi na yanko buhu guda na kawo wa ragona."

Sabi'u ya ajiye cokali cikin ladabi.

"Yaya, ai ciyawar roba ce. Shimfiɗa ta aka yi kamar darduma."

Maimakon in yi shiru, sai na ce ragon dai ya ci.

Yanzu Sabi'u ke ba da tarihi, a hargitse kuma. Ni kuwa ko kasuwa na shiga, sai wani ya ɗago tsohon silifa ya ce, "Malam, a ƙulle wa ragon naka, ko ya ƙoshi?"