Kwaɗon Kaka Khoat

"Ka tashi lafiya, Kaka, ko tarin ne ya tashe ka?"

"Lafiyata ta fi ta wanda zai aure ki. Ina aikena?"

Haka na iske su da safiyar bikin garinmu, lokacin da na je ɗaukar kayan wasa. Ni ne makaɗin gangar ƙungiyarmu ta 'yan tsanan ruwa. Yayyafin farkon shekara na sauka, itatuwa sun fara toho. Tsoho Khoat na zaune a bakin ƙofa yana goge kwaɗonsa na icce, jikarsa Luyen, mai aiki a kamfanin ɗinki, tana jingine babur.

Shekara hamsin da ɗaya ke nan Khoat yana shiga tafkin tsakiyar gari, ya ɓuya a bayan asabari, ruwa har ƙugu, yana juya 'yan tsana da dogayen gora. Kwaɗon nan shi ne abin tunƙahonmu. Yakan ɓullo daga ruwa, ya yi tsalle ya dira a bayan ɓauna, kuma duk yankin babu wanda ya san yadda ake yi. Bana kuwa tari ya kwantar da tsohon wata biyu, likita ya hana shi shiga ruwan sanyi. Duk da haka ya aiki Luyen ta sayo masa romon kifi mai gishiri, wanda masu wasa kan kurɓa kafin su shiga ruwa don jiki ya yi ɗumi.

Ta miƙa masa ƙulli. Ya kwance, ya ga citta da zuma.

"Na aike ki kifi, kin kawo mini abincin mai jego."

"Mai shagon ce ta ce ba ta sayar wa wanda ya girmi tafkin."

"Ni na girmi tafkin?"

"An ce kai ka nuna wa masu haƙa inda za su fara."

Khoat ya juyo ya ce in shaida, yarinyar da ya yi wa wanka a cikin tukunyar dafa shinkafa yau ita ke ƙirga masa shekaru. Luyen ta ce ai shi ya sa har yau shinkafar gidan ke da daɗi. Ya soma dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe.

Da numfashinsa ya dawo, ya ce mutanen ƙetaren kogi na zuwa kallo da makaɗansu, in kwaɗo bai yi tsalle ba yau, shekara guda za su yi suna mana dariya. 'Ya'yansa maza biyu duk suna birni, ba wanda ya tsaya ya koya.

"Ga ni," in ji Luyen.

"Ke a wa? Mun yi rantsuwa a zauren gari, ba a koya wa 'ya mace. Gobe ta yi aure ta kwashe asirin ta kai gidan miji. Ke ma ba ko'ina za ki ba sai ƙetaren kogi, wurin wannan dogon mai kama da sandar shanya."

"Toai? Kaka, mutumin da in ka ba shi zare zai ɗaure yatsunsa ya kira ni in kwance shi."

"Ubansa fa? Shekara talatin yana leƙen asabarina."

"Kuma bai gano komai ba. Ni da ba na leƙe na gano."

Tsohon ya ajiye tsumma. Ya tambaye ta zare nawa ne a cikin kwaɗon. Ta ce huɗu. Ya ce uku kowa ke gani, wa ya gaya mata na huɗu? Ta ce babu wanda ya gaya mata, sai dai in yana so ya buɗe cikin ya duba launinsa.

Ya juya mana baya kamar mai ɓoye asiri, ya zare ƙaramin katakon da ke cikin kwaɗon. Ya daɗe yana kallo. Ni dai na hango jan zare, irin na kamfani.

"Naka ya ruɓe tun bara waccan," in ji ta, muryarta ta sauka. "Na ga idonka bai gani ba, na canza. Biki biyu ke nan kwaɗonka na tsalle da zarena, kai kuma kana karɓar tafi."

"Ɓarauniya."

"Mai gyara dai."

"Ɓarauniya mai gyara. Dam," ya kira ni, "rantsuwar cewa ta yi kada a koya musu, ko kada su sata?"

Na ce a iya tunawata koyarwa aka hana. Ya gyaɗa kai, ya ce to shi bai koya wa kowa komai ba, in dattawa sun tambaya in faɗa musu fashi aka yi masa da rana tsaka. Sai ya ce amma ruwan nan ba wasa ba ne, ba za ta jure ba tunda ba ta sayo romon ba. Luyen ta buɗe kujerar babur ta ciro kwalba.

"Na sayo. Ba naka ba ne kawai."

Da hantsi bakin tafki ya cika. Tutoci sun jiƙe, turare na tashi daga zauren gari, mata na sayar da shinkafa mai danƙo a cikin ganye. Dattawan ƙungiya sun ɗan yi gunaguni da suka ga mace ta nufi asabari, amma Khoat ya ce duk wanda ya iya kwaɗon ya fito ya karɓa. Ba wanda ya fito. Khoat ya zo ya zauna kusa da gangata, yana cewa wai don ya gyara mini kiɗa.

Aka yi wasan masunta, aka yi na masu shuka. Ɓauna ta fito tana huci, na sauya kiɗa. Kwaɗo ya ɓullo, ya yi tsalle, ya daki gindin ɓauna ya faɗa ruwa rigingine. Mutanen ƙetare suka fashe da dariya. Na ji yatsun Khoat sun damƙi gwiwata.

"Kada ka tsaya," ya ce. "Ja mata kiɗan."

Na ja. Kwaɗon ya juyo, ya zagaya ɓauna a hankali kamar mai jin kunya, har mutane suka ɗauka cikin wasan ne. Sai ya nutse, ya tashi sama, ya dira daram a tsakiyar bayanta. Yara suka yi ta ihu. Tsohon bai tafa ba, ya dai saki gwiwata ya share fuska, ya ce yayyafi ne.

Da aka ɗaga asabari masu wasa suka fito gaisuwa, Luyen na rawar ɗari, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mahaifin Toai ya riga kowa isowa wurin Khoat, yana tambaya tun yaushe yake horar da ita.

"Shekara goma," in ji tsohon. "Kullum da asuba."

"Kaka, da asuba minsharinka har kaji yake tasarwa," in ji Luyen daga bayansa, haƙoranta na haɗuwa.

"Faɗuwar farko ma ni na tsara ta."

"To baɗi ka shiga ka tsara ta da kanka."

Khoat ya dube ta, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ya cire rigar sanyinsa mai auduga, ya yafa mata, ya ɗaure maɓallan har wuya.

"Na yarda," ya ce yana dariya. "Ni shekara uku na yi kafin kwaɗon ya hau bayan ɓauna. Wuce gida ki sha abin ɗumi, kada ki mutu ki bar ni da aiki."