Ranar da Na Wanke Karatun Nafisa da Soso

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsaftata ta kusa cinye wa ɗiyar ƙanena shekara guda ta karatu. Nafisa sunanta, a hannuna ta tashi a unguwar Treichville, kimiyya take karantawa a jami'a. Ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Adjamé, kuma kowa ya san ni da soso (ko tiren mai kawo mini shayi ba ya tsira).

Ta roƙe ni in karɓar mata saƙo a tashar Adjamé tunda kusa da shagona ne. Abokin malaminta ne ya aiko daga wata ƙasa, kuma da shi za ta yi gwajin ƙarshe. Ta ce, “Tanti, pardon, kar ki buɗe.” Ni da na yi mata wankan jarirai? Ina isa shago na buɗe.

Wasu 'yan gilasai ne guda uku, kowanne bai fi katin waya ba, duk sun dafe, ruwan ƙasa-ƙasa kamar ƙwan fitilar da ya sha hayaƙi. Na ce wayyo, hayaƙin motocin tasha ya shiga kayan yarinya. Na ɗauko soso da sabulu na dirje biyu tas. Na uku ya tsira ne kawai don wata mai ciniki ta shigo.

Da kaina na kai mata har ɗakin gwajinsu, ina taƙama. A gaban malaminta da ɗalibai na miƙa na ce, “Ga shi, biyu na gyara miki, ɗayan ki ƙarasa.”

Nafisa ta ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda na goge, ta hango ni ta cikinsa sarai, sai ta zauna daɓas. “Tanti, kin kashe ni! Dattin nan shi ne karatun nawa.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Malamin, dattijo mai haƙuri, ya ce mata idan na ukun bai nuna komai ba, sai dai baɗi. Sannan ya yi mini bayani, Nafisa tana fassarawa cikin hawaye. Wai fulerin ake kiran abin, ɗan'uwan gawayi ne, sai dai ƙwayoyinsa sittin-sittin suke haɗuwa su dunƙule kamar ƙwallon ƙafa, ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani. Su aka shimfiɗa a kan gilashin, su na wanke a bokitin shago.

Aka rufe labule, ɗaki ya yi duhu. Ni dai ina lungu ina ta salati. Suka harba wani siririn haske kore a kan gilashin da ya rage. Idona bai ga komai ba sai koren. Can na'urarsu ta fara zana layi a allo, ya yi sama kamar tudu, ɗalibai suka yi shewa. Nafisa ta damƙe hannuna ta ce, “Duba, Tanti! Kore muka ba shi, ja yake mayarwa. Jan ne mai rauni, sai na'ura ke kama shi.”

Abin da na kira datti, dangin gawayin da nake zubawa a kurfoti, ashe haske yake sha ya fitar da nasa na daban. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi, har malamin ya juyo.

Ya ɗauki ɗaya daga cikin gogaggun ya ce dama suna bukatar gilashi mai tsabta don kwatantawa. “Amma ɗaya ya isa, Madame.” Har Nafisa sai da ta yi dariya.

Ta ci gwajinta da gilashi guda. Gogaggen da ya rage yana shagona kusa da almakashi, ita ta ba ni tsaraba. Har yau ina son soso, amma duk abin da na gani ya dafe, sai na tambayi mai shi kafin in jiƙa.