Ranar da Jatau Ya Yi wa Gajere Wanka

Wani mutum ne a Tudun Wadan Zariya ana ce masa Jatau. Shi kuwa cewa yake a kira shi Jatau Mai-Ido. Ba wanda ya ba shi sunan nan, shi ya raɗa wa kansa, shi ya yi wa kansa guɗa. Labule da kafet yake sayarwa, amma in ya buɗe baki kan zane sai ka rantse a cikin kwalbar tawada aka haife shi.

Su Jatau suna da 'yar ƙungiya ta masu tara zane. Ba kowane zane ba. Kun tuna mujallun nan na labari cikin zane da ake rububi a da, irin su Gajere Mai Keke? To kafin a kai su maɗaba'a, mai zanen ne ke zama ya zana kowane shafi da hannunsa a kan takarda mai kauri. Wannan takardar ta asali, wadda ita kaɗai ce a duniya, ita suke bi kamar mahaukata.

Matsalarsu ɗaya ce, sunanta Alhaji Nadabo. Lokacin da tsohuwar maɗaba'ar ta rufe, shi ya kwashe zanukan buhu-buhu a kan kuɗin takardar ƙunshe ƙosai. Yanzu kuwa yana sayar da su kamar daga Makka ya zo da su.

Duk Lahadi bayan la'asar sukan haɗu a rumfar Sallau tela, su sha shayi, su ci naman Nadabo.

"Ni fa na tambaye shi shafi ɗaya," in ji Sallau, "ya ce dubu tamanin. Na ce bari in yi alwala in dawo. Wallahi kafin ƙafata ta bushe ya koma ɗari da ashirin."

Malam Ƙasimu, tsohon hedimasta, ya yi tsaki. "Kai ka ma ji farashi. Ni na biya tun azumi, sai bayan babbar salla ya aiko. An ninke shi gida huɗu kamar laya. Na kira shi sau goma sha bakwai. Da ya ɗauka, ka san me ya ce? Wai wa ke magana."

Jatau ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Ku dai ba ku iya ba ne. Mutumin nan in ya hango ni daga nesa, tsaye yake miƙewa. Kujerarsa yake ba ni. Ni nake faɗa masa farashi, ba shi ba. Ido ne, Malam. Ido! Ko cikin buhu zane yake, in na shinshina zan gaya maka shekarar da aka yi shi."

"To madalla," in ji Sallau, yana zare allura daga baki. "Ga dama ta samu. Akwai wata Hajiya Uwani a Abuja, mai tara zanen marigayi Malam Tukur, wanda ya ƙirƙiri Gajere. Shafin nan take nema, inda Gajere ya antaya cikin rijiyar marina da kekensa. Wata uku tana kiran Nadabo bai ɗauka ba. Ta ce duk wanda ya samo mata, miliyan biyu za ta dire masa."

Kunnen Jatau ya miƙe tsaye.

"Ka ce mata ta taho Lahadi mai zuwa. Kafin nan yana hannuna. Kuma a kuɗin goro."

Washegari Jatau ya hau babur ɗinsa, sabo fil, ja, ko ledar kujera bai cire ba, ya nufi Sabon Gari. Shagon Nadabo a saman wani tsohon bene yake. Jatau ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Nadabo yana zaune yana ɓare gyaɗa yana kallon waya.

"Ranka ya daɗe, Jatau ne."

"Jatau na ina?"

"Mai-Ido."

"Kowa ma yana da shi. Tsaya daga nan."

Awa biyu yana tsaye. Kujera ɗaya ce a shagon bayan ta Alhaji, kuma kyanwa ce a kai. Da ya yi yunƙurin korar ta, Nadabo ya ce, "A'a, ta riga ka zuwa."

Daga ƙarshe dai aka zo kan magana.

"Nawa ne shafin marina, ranka ya daɗe?"

"Nawa ka zo da shi?"

"A'a, ai kai za ka faɗa."

"Dubu ɗari biyar."

"Kai! Alhaji, takarda ce fa!"

"Ɗari shida."

"Ragi nake nema, ba ƙari ba."

"Ɗari bakwai. Ci gaba da magana, ina jin ka."

Jatau ya kama bakinsa da hannu biyu. Ya ce a ƙalla a nuna masa. Nadabo ya ce gani dubu biyar ne, taɓawa goma. Jatau ya biya na gani. Aka ɗaga masa gefen takardar, ya hango tayar keke, aka mayar, fat!

Kuɗin da ke jikinsa da na banki duk ba su kai rabi ba. Nadabo ya leƙa ta taga ya ce, "Jan babur ɗin can na wa ne?"

A ƙafa Jatau ya koma gida. Kuma ba zane a hannunsa, wai sai an nemo mabuɗin akwati. Talata aka ce dawo gobe. Laraba Alhaji ya tafi ɗaurin aure. Alhamis yana barci. Sai ran Juma'a aka miƙo masa ta ƙofa, a naɗe cikin tsohuwar jarida.

Duk wanda ya tambaye shi babur sai ya ce yana wajen bakanike. Su Sallau kuwa ya ce musu, "Dubu ɗari da hamsin na jefa masa. Har ƙasa ya rako ni yana godiya."

Da ya shiga ɗaki ya warware jaridar, sai ransa ya ɓaci. Ga Gajere nan dai, ƙafafu sama, keke na bin sa cikin rijiya. Amma ƙazanta! Ko'ina layukan shuɗin fensir a ƙarƙashin tawada. Nan farin fenti an shafe kuskure, can an shafe wani. Maganganun da ke fita daga bakin mutanen a 'yan guntayen takardu aka rubuta su aka manna, duk sun yi rawaya, ɗaya ma ya karkace. Gefen takardar kuwa an cika shi da wani rubutun kaza, ga zagayen gindin kofin shayi, ga shatin ɗan yatsa.

"Amma Nadabo ba ya tsoron Allah," in ji Jatau. "Ka karɓi babur ɗin mutum, ko goge abin ba za ka yi ba? Wannan zan ajiye gaban Hajiyar Abuja?"

Ya naɗe hannun riga. Ya sayo kilina guda uku. Ƙiii, ƙiii, ƙiii, ya bi layukan fensir ɗin nan ɗaya bayan ɗaya har sai da hannunsa ya yi tsami. Ya sa reza ya kankare farin fentin. Ya ɓamɓare guntayen maganganun ya watsar. Ya ɗauko almakashinsa na yankan labule, ƙaras, ƙaras, ya zagaye gefen nan mai rubutun kaza tas.

Ran Asabar ya tafi shagon masu kwamfuta, ya sa aka buga masa maganganun da sabon rubutu mai kyau, aka manna a miƙe. Sannan ya ce a yi masa lamineshin, irin wanda ake yi wa takardar gama makaranta.

Mai shagon ya juya takardar ya ce, "Yallaɓai, wannan kamar tsohon abu ne. In ya shiga injin nan fa ba ya fitowa daga ledar har abada."

"Kai ka san zane ko ni? Sa mai kauri. Biyu ma."

Injin ya ja, zuuu, ya fito da Gajere yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Jatau ya lanƙwasa shi, ya sake shi, ya yi ɓal-ɓal. Ya ce, "Yanzu ka zama na miliyan biyu. Uku ma."

Lahadi ta zo. Jatau ya ci babbar riga mai aska takwas, ya sa zanen cikin sabon ƙyallen labule. Rumfar Sallau ta cika, har masu wucewa sun tsaya. Ga zafi kamar a gasa masara a ƙasa. Mota ta tsaya, Hajiya Uwani ta fito, dattijuwa mai tabarau, da 'yar jaka a hannu. Aka ba ta kujera. Ta zaro farin safar hannu ta sa, ta fito da madubin ƙara girma.

"Malam Jatau, an ce kai ne ka iya da Nadabo."

"Ranki ya daɗe, ai yarona ne. In na yi tari, sai ya..."

Bai rufe baki ba sai ga ƙarar babur, fiii, har bakin rumfa. Ja, sabo fil, da leda a kujera. Alhaji Nadabo ne a kai. Ashe ya ji labarin miliyan biyu, ya zo neman la'ada. Mutumin da ba ya ɗaukar waya, yau ga shi da ƙafarsa.

Sallau ya dubi babur, ya dubi Jatau. "Ikon Allah. Jatau, yaushe Alhaji ya zama bakanike?"

"Aro na ba shi," in ji Jatau, murya ƙasa-ƙasa.

"Aro?" Nadabo ya kafe babur ya zaro takardu daga aljihu ya kaɗa. "Da takardun ake ba da aro a garinku? Wannan cikon kuɗi ne. Ɗari bakwai muka yi, har yana cewa in dubi girman Allah."

Rumfa ta ɗauki dariya. Malam Ƙasimu sai da shayi ya sarƙe shi.

Jatau ya share gumi. A ransa ya ce ku yi ta yi, yanzu miliyan biyu za ta rufe muku baki. Ya miƙe, ya gyara riga, ya yaye ƙyallen, fau!

Hasken ledar ya doki idon kowa.

Jatau ya miƙa zanen. Hajiya ta karɓa. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wannan ai hotonsa ne. Ina na asalin?"

"Shi ne wannan, ranki ya daɗe. Gyara na yi masa."

"Gyara?"

"Ai da kin gan shi da! Kamar an tsinto a bola. Duk layin fensir, na goge su tas."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Zanen farko na Malam Tukur kenan. Da shi ake gane hannunsa."

"Da wasu 'yan takardu da aka lilliƙa..."

"Rubutun hannunsa!"

"Sai gefen, da wani ya ɓata da shirme, har da kofin shayi ya ɗora. Na datse."

Malam Ƙasimu ya ɗora hannu biyu a ka. "Jatau! A gefen nan yake sa hannu! A nan yake rubuta wa masu bugu saƙo da kwanan wata. Kofin ma nasa ne! Hoton gefen nan kaɗai na roƙi Nadabo in ɗauka, ya ce dubu ashirin!"

"Ina guntayen?" in ji Hajiya.

"Maiɗakina ta... ta hura gawayi da su."

Sallau ya sulale daga kan keken ɗinki ya zauna a ƙasa, yana dariya ba sauti, hawaye na zuba.

Jatau ya juya wajen Nadabo kamar mai nutsewa. "Alhaji, don Allah gaya mata. Ba shi ne ka sayar mini ba?"

Nadabo ya karɓa da yatsa biyu, ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa ledar da farce, ƙwas-ƙwas.

"Ni? Ni datti na sayar maka, na dubu ɗari bakwai. Wannan mai tsabtar ban san shi ba. Irinsa ai a shagon fotokwafi naira ɗari ne." Ya miƙa wa Hajiya, ya haye babur, ya dubi Jatau. "In kana son wani, akwai shafin da Gajere ya fito daga rijiyar. Ka zo da mota."

Fiii, ya tafi.

Hajiya Uwani ta cire safar hannunta a hankali ta mayar jaka. Zufa ta keto mata. Ba ta ma san lokacin da ta fara kaɗa zanen a fuskarta ba. Ɓal, ɓal, ɓal. Ta ɗan tsaya, ta dube shi, ta ci gaba da kaɗawa.

Jatau ya matso, ya rusuna, murya kamar ta sauro.

"Ranki ya daɗe, ko yaya ne dai a taya."

Hajiya ta lumshe ido, iska na kaɗa gyalenta.

"Gaskiya, Malam Mai-Ido, ka iya aiki. Yana da iska sosai." Ta juya wajen Sallau. "Tela, nawa ake sayar da mafici a garin nan?"