Gudun da Babu Mai Kora

"Wushe, amarya. An tashi lafiya?"

"Kilewa, lafiya lau. Tsaya daga nan tukuna, in tabbatar ko mutum ne ko kuwa kada ne ya biyo hanya daga kogi."

Kaka Gumsu na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Limanti. A da ba a jin maganar juna a gidan saboda hayaniyar jikoki, yanzu kuwa daga ita sai Imran, ɗan ɗanta, wanda ke tsaye a bakin zaure da laka har cinya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Daga tsere ya dawo. Su uku suka ƙirƙiro shi, shi da Audu da Tochukwu: duk ƙarshen damina su bi gaɓar kogin Ngadda da gudu, su ratsa yashi da kwazazzabai da lambuna. Bayan ambaliyar da ta ci gari, iyayen Tochukwu suka kwashe abin da ya rage a shago suka koma Inugu, Audu kuma ya samu aiki a Kano. Sai suka yi shawara kowa ya yi gudunsa inda yake, ya riƙe lokacinsa a waya, ya tura wa sauran.

"Angonki ne, Kaka. Ki yi guɗa, na zo na ɗaya."

"Cikin mutum nawa?"

"To... a nan Maiduguri dai, ni kaɗai ne."

"Ashe kai ne na ƙarshe kuma. Sannu, banza ta kori wofi. Ina yakuwar da na ce ka sayo mini a lambu?"

Ya sauke jakar bayansa, ya zaro wani dunƙulallen abu kore, yana ɗigar ruwa.

"Ga ta. Na rage miki aiki, har na kirɓa."

"Innalillahi! Wannan yakuwa ce ko abin da akuya ta tauna ta tofar? Da me ka kirɓa ta?"

"Da bayana. Na faɗa kwazazzabo, ita ta tare ni."

"Allah sarki yakuwa, ta mutu wajen ceton wanda bai cancanta ba. Ni dai na yi asarar miji. Matan unguwa mazansu na kawo musu bandar kifi daga Baga, ni nawa sai ya fita da asuba a guje kamar wanda ya saci kaza, ya dawo da takalmi a hannu."

"Ke ma kin san tsohuwar da ba ta da haƙori ba a wahalar da ita da banda. Tausayinki nake ji."

"Ja'iri! Haƙoran da suka rage mini sun ishe ni in cije ka. Wai ni in tambaye ka, wa ke korar ka?"

"Babu kowa. Motsa jiki ne."

"Motsa jiki! A garin nan, in aka ga namiji da gudu, ba a tsayawa tambaya."

"Ai kuwa haka aka yi. Ina ratsa lambun albasa, wasu mata suka hango ni, suka watsar da kwanduna suka runtuma. Sai da na tsaya ina rantsuwa cewa lafiya lau. Ɗaya ta ce in Allah ya yarda sai ƙafar ta gurɗe."

"Bakinta ya kama ka. Ina ma na san gidanta in kai mata goro."

Ya zauna a bakin tabarmar yana cire ƙarangiya daga safarsa ɗaya bayan ɗaya. Idon sawunsa na hagu ya kumbura.

"Hanyar ta canza, Kaka. Ruwa ya cinye ta. Tsamiyar da muke juyawa a gindinta babu ita, ko kututture. Na tsaya ina waige-waige kamar baƙo, a wurin da na sani tun ina firamare."

"Da ma kai ko a ɗakinka ɓata kake yi."

"Akwai wani babban kwazazzabo bayan lambunan. A da in mun iso, Audu ke durƙusawa mu taka bayansa mu hau, sannan mu jawo shi. Yau ya ƙara zurfi. Na zame na faɗa, na miƙe, na ɗaga hannu sama na ce, 'Tochi, kama!'"

"Ya kama?"

"Daga Inugu? Hannun nawa ya daɗe a sama kafin in tuna."

Tsohuwar ta matso kusa da shi. Ta jawo ƙafar tasa ta ɗora a cinyarta, ta danna kumburin da babban yatsa.

"Wayyo! Kaka, kisa za ki yi?"

"Yi mini shiru, rago. Ta ina ka fita?"

"Na bi cikin ramin ina ɗingishi har na samu inda shanu ke sauka shan ruwa. Nan laka ta riƙe takalmin. Da na isa ƙarshe na danna wayar, na juyo in tafa da wani, sai wani jaki a ɗaure yana kallona."

"To ai ka samu ɗan'uwa. Kun gaisa?"

"Ya ce in gaishe da yayarsa ta Limanti."

"Ungo naka!" Ta watsa masa yatsu biyar. "Su abokan shiriritar taka fa, sun yi nasu?"

"Audu ya yi nasa tun shekaranjiya, a kan kwalta, ko tsakuwa bai taka ba. Tochi ya hau duwatsun garinsu da wasu sababbin abokai, na ga hoton, sun fi goma. Na tura musu nawa tun ina gindin jakin."

"Suka ce me?"

Ya duba wayar, ya kife ta a kan tabarma.

"Ba su buɗe ba tukuna. Suna wurin aiki."

"Ranar Asabar?"

"Kaka, ke alƙali ce?"

"Ni 'yar tsere ce, yaro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kai ka ƙaryata karin maganar."

"Ke? Ke da kike yin zango biyu tsakanin ɗaki da bayi?"

"In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Shekarar da rikici ya koro mu daga Bama, kana nan birni kana cin shinkafar makaranta. Ni da Kellu, ƙawata, muka fito ba mayafi. Ba waya, ba takalmin roba mai igiya irin naka. Ƙaya ta shiga ƙafata ban sani ba sai a Konduga."

"Wa ya zo na ɗaya?"

"Ni mana. Kellu ƙiba gare ta kamar randa. Da muka zo wani rafi ta zauna ta ce in tafi, ita ta gama. Na ce wallahi ba ki isa ba, wa zan riƙa zagi in na isa? Na kama zanenta na ja ta kamar tunkiya."

"Ashe ke ma kin san kwazazzabo."

"Na san shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ta ci gaba da murza ƙafar, a hankali yanzu. "Bara ta rama. Ta wuce ni ba ko sallama, Allah ya jiƙanta. Duk sa'o'ina sun riga ni isa, sun bar ni ina haki a baya. Wani lokaci in na ji abin dariya a rediyo sai in juya in ce, 'Kellu, kin ji?'"

Daga waje ana jin mai keke Napep yana kiran Bolori, Bolori.

"Audu ya ce akwai gurbi a wurin aikinsu," in ji Imran, idonsa a ƙasa.

"Na sani. Kana tsammani kurma ce ni? Katangar nan ba ta riƙe sirri. To ka tafi mana. Manema na nan birjik, mai unguwa ma ya fara yi mini murmushi."

"Mai unguwa ba ya gani, Kaka. Kowa yake yi wa."

"Ko ma dai mene ne. Ka tafi ka yi gudu a kwalta kamar ɗan gayu."

"Na ce masa a'a tun jiya. In na tafi, wa zai riƙe hanyar? In sun dawo wata rana, dole a samu wanda ya san inda ake haurawa."

"Hanyar kawai?"

"Da wata tsohuwa mai baƙin baki. An ce in aka bar ta ita kaɗai sai ta zagi bango."

"Allah ya isa tsakanina da kai." Ta goge ido da gefen mayafi. "Hayaƙin maƙwabta ne. To ji nan. Tsere na gaba, ka ɗauko mini keke a kai ni inda jakin nan yake, da tabarmata. In ka iso ka samu mai tafa maka."

"Barci za ki yi. In iso in tarar ke da jakin kuna minshari."

"To ba sai ka tashe ni ba? Ai dai ka tashi mutum."

Ya yunƙura zai miƙe ya tafi wurin mai ɗori, ƙafar ta ƙi, ya koma daɓas. Kaka Gumsu ta yi dariya har da tari, sannan ta laluba bayan ƙofa ta jawo sandarta ta miƙa masa.

"Ungo, tsoho. Na sallama, ka fi ni buƙata. Yau kai ne kakan."

Ya karɓa ya dogara, ya nufi zaure yana ɗingishi, ita kuma tana yi masa guɗa da 'yar muryarta.

"Kai, na ɗaya!" ta kira shi. "Ka dawo mini da ita kafin la'asar. In babu ita ba na iya tashi daga nan."

"Yanzu zan dawo, amarya."

"Kada ka yi gudu dai. Ina nan."